Ƙafar Baba da Zare Biyu

Su uku ne a gidan: mai fenti, da matarsa mai saƙa, da 'yarsu ɗaya mai shekara goma sha uku. Ɗaki biyu ne da ɗan falo a hawa na biyu na wani dogon gini, kuma kowane abu yana da wurin zamansa. Tsanin aiki yana jingine a bayan ƙofa, gwangwanayen fenti suna ƙarƙashin tebur, kwandunan ulu kuma suna jere a gindin taga inda haske ya fi yawa. Yarinyar ana kiranta Meyasa, domin tun da ta iya magana ba a taɓa faɗa mata abu ta bar shi ya wuce ba tare da ta nemi dalili ba. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa zaman lafiya ba. Abu ɗaya suka rasa: duk gidan babu wanda zai iya ce wa Gwaggo a'a.

Gwaggo yayar mai fenti ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma har yanzu da furfura ta fara fito masa a gemu, Auta take kiransa. In tana magana ƙasa yake kallo.

Sana'ar Mama kuwa ga yadda take. Takan sayo tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, ta wanke, ta shanya, sannan ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ga ta gaji, gwiwar hannu ta huje ko wuya ya saki, sai ta ɗaura mata jan zare a wuya ta jefa ta kwandon ƙarshe. Duk rigar da ta sha jan zare, warwarewa za a yi. Meyasa ke miƙa hannaye ana naɗe zaren, daga nan Mama ta saƙa hulunan jarirai da safa. Ko guntun zare ba a zubarwa a gidan.

Wata rana tsani ya zame da Baba a wurin aiki, ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye. Aka sa masa filasta, farin ɗaurin nan mai tauri kamar siminti, ya yi mako bakwai a ciki. Bai zauna wuri ɗaya ba. Da sanduna biyu da ƙafar dama yake tsalle daga ɗaki zuwa falo, har ƙasan bene yakan sauka ya sha hira da masu shaguna. Ranar da aka yanke filastar, ƙafar ta fito siririya, fatar tana saɓa. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, ya ba shi takarda mai zane-zanen motsa ƙafa, ya ce ya fara takawa kaɗan-kaɗan, kullum yana ƙarawa.

Da yammar ranar Gwaggo ta iso da jakarta. Ta ɗaga zanen da aka rufe ƙafar da shi, ta yi salati.

"Auta, wannan ƙafa ce ko tsinken tsintsiya?"

"Yaya, likita ya ce..."

"Ban tambayi likita ba." Ta juya wajen Mama. "Ke, mako bakwai na bar miki ƙanena. Me kike ba shi? Iska?"

"Wallahi Yaya yana cin abinci. Sau uku, wani lokaci ma huɗu."

"To ina abincin ya tafi?"

Gwaggo ba ta yarda da tef ɗin awo ba, ta ce lambobi wayon 'yan boko ne. Sai ta sa hannu a kwandon Mama ta yanko ulu biyu, shuɗi da fari. Ta zagaya shuɗin a tsokar ƙwaurin dama mai lafiya, daidai inda ta fi kauri, ta ƙulle. Ta zagaya farin a ta hagu, ta ƙulle. Ta ɗaga su biyun a gaban fuskar Mama. Farin ya gaza shuɗin da faɗin yatsa uku.

"Ga shaidata," in ji ta. "Wannan ratar, naman ƙanena ne da kika bari ya zube."

A ranar ta kafa dokokinta. Ta karɓe girki daga hannun Mama. Ta ɗora sandunan a saman kabad. Takardar likita kuwa ta ninke ta huɗu ta tokare ƙafar tebur mai rawa da ita. Baba zai kwanta, ba zai taka ƙasa ba sai zuwa banɗaki, shi ma a kafaɗarta. Zai ci nama da ƙwai da madara har ƙafar ta cika. In kuma ba ta cika cikin mako uku ba, za ta kai shi gidanta, inda a cewarta aka san darajar mutum.

Abin da ya fi ci wa Meyasa rai shi ne zaren nan biyu. Gwaggo ta ƙulle su a bakin mayafinta, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ta kwance ta nuna masa. Ta nuna wa matar mai gidan haya. Ta nuna wa abokan aikin Baba da suka zo da fenti a farcensu. Har mai kawo iskar gas sai da ya gani. Mama tana zaune a gindin taga tana saƙa, kanta a ƙasa. Cikin kwanaki kaɗan matan benen suka fara yanke hira in ta zo wucewa.

A kwana na huɗu Meyasa ta kasa haƙuri.

"Gwaggo, me ya sa ƙafa ɗaya ce kawai ta rame? Ai baki ɗaya yake ci da shi. Abinci ya san dama da hagu ne?"

"Ji min yarinya! Bakinki ya girme ki. Auta, haka kuke tarbiyya a gidan nan?"

Meyasa ta dubi Baba. Baba ya dubi silin.

A makaranta, malamar kimiyya ta lura cewa yarinyar da ke ɗaga hannu sau goma a darasi ɗaya ta yi mako biyu ba ta ce uffan ba, kuma tana danna biro har yana huda takarda. Da aka tashi tara sai ta tsayar da ita.

"Meyasa, wa ya taɓa ki? Ajina ya yi shiru kamar ɗakin jarrabawa."

Yarinyar ta zayyana mata komai, har da zaren. Malama ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta jawo mata kujera.

"Tambayar da kika yi wa Gwaggo tambaya ce mai kyau. Zauna mu bi ta a hankali. Tsoka da me aka yi ta?"

"Da ƙwayoyin halitta, Malama."

"A cikinsu fa, mene ne ke jan ƙashi in kin ɗaga ƙafa?"

"Furotin."

"Madalla. To furotin sarƙa ce doguwa, an jera ta da ƙananan guntaye da ake kira amino asid, iri ashirin. Kowace ƙwaya tana da tsarin jerin a rubuce a cibiyarta, kamar yadda mamanki take da tsarin hula. Takan kwafi tsarin ta miƙa wa wasu 'yan injina, ribosom sunansu, su kuma su riƙa ɗauko guntayen ɗaya bayan ɗaya suna haɗawa. Sarƙar ta naɗe ta ɗauki siffarta, ta kama aiki. Wannan ita ce saƙar."

"Na gane wannan, mun yi a aji."

"Ga rabin da ba mu kai ba tukuna. Furotin yana tsufa. Wani ya lalace, wani tun farko ma bai naɗu daidai ba, wani kuma aikinsa ya ƙare. In ƙwaya ta bar su suka taru, za su cushe ta. Sai ta liƙa musu wata 'yar alama, kuma duk wanda ya sha alamar nan, akwai wani inji mai kama da ganga da zai ja shi ciki ya daddatsa shi. Guntayen su fito, a sake saƙa wani da su."

Meyasa ta miƙe zaune sosai. "Jan zare!"

"Wane jan zare?"

Ta ba ta labarin kwandon ƙarshe. Malama ta yi dariya har ta dafa tebur.

"Ashe a gidanku ake koyar da darasin, ni nake ta wahala da alli. Haka ne daidai. Kuma ba sai mutum ya yi ciwo ba. Yanzu da muke zaune, jikina da naki ana saƙa ana warwarewa. Abin da jiki ke warwarewa ya sake saƙawa a yini ɗaya ya fi abin da mutum ke ci na furotin yawa. In saƙa da warwara suka yi daidai, tsoka ta tsaya yadda take. In saƙa ta fi, ta ƙaru. In warwara ta fi fa?"

"Ta rame. Amma Malama, me ya sa ta hagu kawai?"

"Mamanki tana saƙa hula ɗari in ba wanda ya nema?"

"A'a. Sai an ce ana so."

"To tsoka ma sai an ce ana so. Kuma hanyar faɗa mata ita ce a ɗora mata nauyi, a ja ta, a sa ta aiki. Ƙafar da aka kulle a filasta mako bakwai ba ta ji kowa ya neme ta ba. Sai ta rage saƙa, warwara kuwa ba ta tsaya ba. Ta dama tana ɗauke da shi duka, don haka ta riƙe namanta. Abinci ulu ne, dole a samu, kuma naman da Gwaggo ke dafawa zai yi amfani. Amma ko an cika ɗaki da ulu, ba zai saƙa kansa ba."

Fuskar Meyasa ta sauya. "Malama, to ai yanzu ƙafa biyun ne a kwance."

Malama ta daina murmushi. "Kwana nawa?"

"Goma sha takwas."

"Ni ba likita ba ce, ba zan ce ga yadda zai motsa ba. Amma likitansa ya riga ya rubuta. Ina takardar?"

"Tana ƙarƙashin ƙafar tebur."

Malama ta rufe ido na ɗan lokaci, ta ajiye allin hannunta a hankali kamar mai tsoron kada ta jefar da shi. "Mutumin da ke cin abinci da hawa tsani," in ji ta. "A ciro takardar nan."

Da Meyasa ta koma gida ta tarar Gwaggo ta tafi kasuwa, Mama kuma ta kai huluna shago. Baba yana kwance, kumatunsa sun ciko, tumbi ya fara turo riga. Ta tsaya a kansa da jakar makaranta a bayanta.

"Baba, Mama ta bar ka da yunwa?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ina tambaya ne. Ta bar ka da yunwa?"

"Ba ta bar ni ba. Kin sani."

"Ni na sani. Matar mai gida ba ta sani ba. Mai gas bai sani ba. Kana kwance ana nuna musu zare, ba ka ce komai ba."

"Meyasa, Gwaggonki ita ta goya ni. Ita ta bar makaranta don in ci abinci. Ba zan buɗe baki in ƙaryata ta a gaban mutane ba."

"Amma za ka bari a ƙaryata Mama."

Ya juya fuska wajen bango, ya janyo ƙafarsa ta dama. A nan ne Meyasa ta ga safar. Mama ce ta saƙa masa ita a makon farko na karayar, daidai ƙwaurinsa, tana kama shi cif. Yanzu ta zame ta taru a idon sawu. Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Safa tana iya saki don wanki, ta san haka. Ba ta da tabbas. Amma ta je ta ɗaga ƙafar tebur, ta zaro takardar likita, ta cusa murfin gwangwani a madadinta.

Mako uku suka cika ranar Asabar. Da hantsi ɗan Gwaggo ya zo da mota ya tsaya a ƙasa yana danna hon. Gwaggo ta ɗaure kayan Baba, ta kira maƙwabta biyu su taya saukar da shi, matar mai gida kuma ta biyo su ba tare da an gayyace ta ba. Gwaggo ta kwance farin zaren ta zagaya a ƙafar hagu. Ko kaɗan ba ta cika ba.

"Kun gani ko? Ɓarnar ta yi nisa. Mako uku ina ɗura masa nama, amma abin da aka lalata a mako bakwai bai gyaru ba. Ku ɗauke shi."

Mama tana tsaye a bakin ɗakin girki, ta harɗe hannaye a ƙirji. Meyasa ta je ta tsaya a tsakiyar ƙofar fita.

"Gwaggo, saura shuɗin."

"Matsa ki ba mutane hanya."

"Kin auna farin. Don Allah ki auna shuɗin a ƙafar dama. Ke kika ƙulle shi da hannunki, ba wanda ya taɓa shi."

"Ƙafar dama lafiyarta ƙalau. Me zan auna?"

"In lafiyarta ƙalau, ai zaren zai zauna yadda ya zauna ranar farko. In ya zauna, ni zan ɗauki jakar Baba in kai mota."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wani direban babbar mota mai son kallo, ya ce, "Hajiya, auna mana kawai mu huta. Yarinyar nan ba za ta matsa ba, kuma ni bayana ba zai jure tsayuwa ba."

Gwaggo ta yi tsaki, ta kwance shuɗin zaren, ta durƙusa. Ta zagaya shi a tsokar dama, ta kawo ƙullin inda yake haɗuwa. Zaren ya yi sako-sako. Ta matsar da shi sama, ta matsar ƙasa, tana neman inda ya fi kauri. Duk inda ta kai shi, yatsarta tana shiga tsakaninsa da fata ta yi yawo.

"Ulu ne, ya miƙe," in ji ta.

Mama ta yi magana a karon farko, a hankali. "Da ya miƙe, Yaya, da farin ma ya miƙe. Daga riga ɗaya na warware su, kala ce kawai ta bambanta."

Hon ɗin mota ya sake tashi daga ƙasa.

"Wannan ƙafar a hannunki ta rame, Gwaggo," in ji Meyasa. "Kuma ba ki bar shi da yunwa ba, kowa ya ga tumbinsa. Ba yunwa ba ce. Jiki kullum yana saƙa tsoka yana warware ta. Wadda ba ta aiki, sai ya rage saƙa mata. Ta hagu filasta ce ta hana ta aiki. Ta dama kuma gado ne. In kin kai shi gidanki ya ƙara kwanciya, ba zai sake hawa tsani ba."

Direban ya leƙa tumbin Baba ya ce, "Gaskiya naman ya shiga, hanya kawai ya ɓata." Ba wanda ya yi dariya sai matar mai gida, ita ma ta haɗiye ta da sauri.

Gwaggo tana durƙushe da zaren a hannu. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta dubi ƙafar ƙanenta, wadda mako uku da suka wuce take da ƙarfin ɗaukarsa har ƙasan bene.

Baba ya dafa katifa ya tashi zaune. Ya dubi Gwaggo ido cikin ido, abin da Meyasa ba ta taɓa gani ba.

"Yaya, ba zan tafi ba. Kuma ina so kowa a ɗakin nan ya ji: matata ba ta bar ni da yunwa ba ko na yini ɗaya. Ya kamata in faɗa tun ranar farko." Ya juya wajen direban. "Maƙwabci, sauko min da sandunan can daga saman kabad."

Meyasa ta miƙa masa takardar likita, duk ta yi layin ninki da tabon ƙafar tebur a tsakiya. Ya karanta zanen farko, ya sa sandunan a hammata, ya miƙe. Ƙafafun biyu suka yi rawa. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, gumi ya keto masa. A na uku ya yi tangaɗi, kafin kowa ya motsa Gwaggo ta riga ta cafke masa hannu.

"A hankali mana, Auta! Tsere ake yi?" Ta ɗaga murya wajen taga. "Kai kuma ka daina danna mana hon, ba inda za a je!"

Ba ta ba Mama haƙuri ba, kuma Meyasa ba ta yafe mata wannan ba har tsawon lokaci. Amma da yamma, da ta tashi tafiya, ta ajiye zaren biyu a kwandon Mama, ta ce wa bango, ba wa kowa ba, "Akwai sauran nama a tukunya, a ɗumama masa in ya gama tafiyar tasa." Matar mai gida kuwa ta riga ta sauka da labarin, kuma wannan karon ya yi daidai.

Mama ta ɗauki zaren za ta naɗe su cikin sauran ulu, Meyasa ta ce a bar mata shuɗin. Kowace Asabar takan zagaya shi a ƙafar Baba bayan ya gama hawa da saukar bene. Dama ce ta fara cika shi. Hagu ta ɗauki watanni.

Abin da Meyasa ta fahimta shi ne, tsokar da ke jikin mutum ba ajiya ba ce da aka zuba aka rufe. Kullum ana saƙa ta ana warware ta, abinci yana kawo zaren, aiki kuma shi ke sa a saƙa. Ƙafar Baba ta rame ne don ba ta taka ƙasa ba, ba don Mama ta hana shi abinci ba.